Na biya kuɗin shiga Firimason ta Facebook, yanzu suna min barazana

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ina sayar da kayan waya a nan Sakkwato. Wani ya yi min magana a Facebook ya ce shi wakilin Firimason ne, wai in na shiga za a ba ni dala 50,000 kuma ba a taɓa addinin mutum. Na tura naira 45,000 kuɗin fom, da hotona, da lambar NIN, da sunan mahaifiyata. Yanzu ya ce sai na ƙara 120,000 na zobe da alkyabba. Da na ce na fasa, sai ya ce sunana ya riga ya shiga littafi, wanda ya janye ko ya haukace ko ya rasa uwa. Barci ya ƙaurace min. Na shiga ke nan? Doka za ta kama ni?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Ba ka shiga komai ba, damfarar ka aka yi. Littafin da sunanka ya shiga kawai shi ne jerin waɗanda suka biya sau ɗaya, ake sa ran za su sake biya.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya, domin kullum sai an kawo min irinsa, shi ne yadda har masu boko suka yarda wai akwai ƙungiyar da ke raba daloli ga duk wanda ya cike fom. Firimason ta ainihi akwai ta. Babbar majalisarta ta farko a Landan aka kafa ta a 1717, kuma tun ƙarni na 19 take da reshe a Legas. Amma a can ɗan ƙungiya ne ke biya: kuɗin shiga, kuɗin shekara, kuɗin liyafa, gudummawar sadaka. Ba a mayar masa da ko sisi. Ba a kuma shiga ta waya. Sai 'yan reshe biyu sun tsaya wa mutum, a zauna da shi ido da ido a yi masa tambayoyi, sannan a kaɗa ƙuri'a a kansa, abin da kan ɗauki watanni. Su kuwa Iluminati, wata ƙungiyar asiri daban da ake yawan haɗawa da Firimason ana liƙa musu hoton ido a cikin alwatika, Adam Weishaupt ne ya kafa su a Babariya ta ƙasar Jamus a 1776, hukuma ta haramta su kafin su cika shekara goma. Ƙungiyar da aka rushe tun Shehu Usmanu bai yi hijira zuwa Gudu ba, ita ce yau take da wakili mai lambar WhatsApp?

Ka koma ka duba takardar da ya turo maka. Na tabbata za ka ga tambarin zinariya, Turanci duk kurakurai, da hoton daloli jibge a kan gado. Ka duba asusun da ka tura wa kuɗin, sunan mutum ɗaya ne, ba na ƙungiya ba. Bayan zobe akwai kuɗin kwastan, bayan kwastan akwai kuɗin "tsarkake" dalolin, haka za a yi ta tatsar ka har jarin shagon ya ƙare. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sunan Hajiya da ya karɓa ba don wani tsafi ba ne, don ranar da za ka ce ka fasa ne. Ya san a garin Shehu ba wanda zai iya buɗe baki a majalisa ya ce ya nemi shiga ƙungiyar asiri, saboda haka kunyarka da tsoronka su ne jarinsa. Kuma don Allah kada ka kwashi sauran kuɗin ka kai wa wani boka ya "warware rantsuwa". Na ga wanda aka cuta a waya da safe, da yamma wani mai zane a ƙasa ya karɓe masa rago.

Ta fuskar doka, kai aka zalunta. Dokar yaƙi da damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai karɓar kuɗi da yaudara, ba ga wanda aka yaudara ba. Sai dai ka san cewa sashe na 38(4) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 bai ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar asiri ba, sashe na 318 ya fayyace ta da ɓoyayyun alamu da rantsuwa da fifita 'yan ciki ba tare da duba cancanta ko adalci ba, kuma sassa na 66, 107, 137 da 182 sun hana ɗanta tsayawa takara. Batun "ba a taɓa addini" kuma fagen malamai ne, amma Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yanke tun 1978 cewa Firimason ba ta haɗuwa da Musulunci. Ko da ta gaskiyar ce ta kira ka, da sai ka yi tunani.

Yanzu kada ka goge hirar. Ɗauki hoton kowane saƙo da rasit ɗin tura kuɗin, sannan ka toshe shi. Gobe da safe ka je bankinka ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka wuce ofishin EFCC na shiyyar Sakkwato da kwafin. Ba zan yi maka alkawarin dubu arba'in da biyar ɗin za su dawo ba, yawanci an riga an kwashe. Abin da ya fi damuna shi ne NIN da hotonka da ke hannunsa. Ka canja lambobin sirrinka, kada ka karanta wa kowa lambar da banki ya turo maka, kuma idan wani kuɗi ya faɗo asusunka aka ce ka tura gaba, kada ka taɓa, domin a nan ne wanda aka cuta yake komawa wanda ake tuhuma. Ka kuma faɗa wa yayanka ko wani babba a gida tun yau. Nan da 'yan kwanaki wani zai iya kiran ka ya ce shi jami'i ne, zai ƙwato maka kuɗinka in ka biya kuɗin fayil. EFCC ba ta karɓar kuɗi a kan ƙorafi, kashe wayar kawai.