Tambayi Injiniya: Wai zafin ƙasa zai iya ba mu kuran?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da zafi ya kama wasiƙun da ke shigo mana kusan duk maganar wutar lantarki ce, wato kuran, da fanka, to na zaɓo guda uku da suka haɗu a kan abu ɗaya.

Ta farko daga wani tela ce a Garwa, ya ce: "Malam barka da aiki. Na ga wani bidiyo a Facebook wai a Kenya rami kawai suke haƙawa tururi ya fito su samu kuran dare da rana. Mu nan ga zafi kamar a soya ƙwai a ƙasa, ga ɗauke wuta, ɗinkin sallah da gurup muke yi kuɗin mai ya cinye riba. Me ya hana a haƙa mana irin wannan ramin?"

Yawwa ɗan'uwa, barka kadai, Allah ya sa wa allura albarka. Bidiyon ba ƙarya ba ne, amma bari in fara raba maka abu biyu. Zafin da ke ƙona maka tafin ƙafa a watan Afrilu na rana ne, a saman ƙasa kawai yake, ka tona kamu biyu ka wuce shi. Wanda Kenyawa ke amfani da shi daga can cikin ƙasa yake tasowa, kuma ko'ina yana nan har ƙarƙashin shagonka, duk kilomita ɗaya da ka nutsa zafin yakan ƙaru da digiri 25 zuwa 30. To ka lissafa, kafin ka kai digiri 200 da zai ba ka tururi mai ƙarfin juya inji sai ka yi kilomita shida ko bakwai, wa zai biya wannan? Su Kenya Allah ne ya kawo musu wutar kusa. Ƙasarsu tana kan wata babbar tsaga da ta ratsa gabashin Afirka, narkakken dutse ya matso sama, ruwan da ya tsiyaya ƙasa yana tafasa a can kamar tukunya a kan murhu an danne murfi. A Olkariya kusa da tafkin Naibasha suna huda kilomita biyu zuwa uku, tururin ya taho da ƙarfinsa ta tiyo ya juya injin, sannan a mayar da ruwan ƙasa ya sake ɗaukar zafi. Sun kunna injin farko a 1981 da megawat 15 kacal, yau suna dab da megawat 1000, kusan kashi 40 cikin ɗari na wutar ƙasar. Ka kwatanta da madatsar Lagdo da aka gama a 1982, megawat 72 ce in ta cika, kuma in ruwan Binuwai ya ja baya ita ma sai ta ja. Shi tururin ƙasa ba ruwansa da rani ko damina, ba ruwansa da faɗuwar rana, nan ne ya fi fano na sola irin waɗanda aka shimfiɗa a Marwa da Gidar.

Kuma ba sabon abu ba ne fa, tun 1904 a Lardarello ta Italiya aka kunna ƙwan fitila da shi.

Mu fa? Ba a bar mu hannu rabbana ba. Akwai jerin duwatsu masu aman wuta da ya taso daga teku, ya bi ta Dutsen Kamaru wanda ya yi amai a 1999 da 2000, ya haura har tudun Adamawa, wajajen Ngaundare akwai maɓuɓɓugan ruwan ɗumi. Ko duwatsun Rumsiki da ake zuwa ɗaukar hoto, ragowar maƙogwaron irin waɗannan duwatsu ne, sai dai su sun daɗe da hucewa. A Cadi kuma ga Tibesti, a Soborom ƙasa na huci laka na tafasa, Tubawa na zuwa wanka neman lafiya, amma wurin ya kai kusan kilomita 1000 daga Injamena, ko ka samu wutar jan waya a hamada wani aikin ne. Babbar matsalar dai kuɗi ne da caca. Rijiya ɗaya miliyoyin dala take ci, kuma sai an huda ake sanin ko akwai, kamar dai mai foraj ya karɓi kuɗinka ya haƙa ya ce ba ruwa, to ka ninka wannan baƙin cikin sau dubu. Shi ya sa ni a ganina in za a yi, a tudun Adamawa ya kamata a fara bincike, kuma aikin gwamnati ne da manyan bankuna. Kai dai a yanzu in da hali ka tara a hankali ka sayi fano da batir, keken ɗinki ba ya cin wuta sosai, dutsen guga ne mugun, shi ka bar shi a gawayi.

Ta biyu daga wata Hajiya ce a Marwa: "Ina gini, ɗan yayata da ya yi karatu a Faransa ya ce a binne tiyo a tsakar gida iska ta bi ta ciki, wai ɗaki zai yi sanyi ba sai na sa kilim (na'urar sanyaya ɗaki) ba. Magini ya yi dariya ya ce ɓarnar kuɗi ce. Wa zan bi?"

Hajiya ina gaisuwa, Allah ya sa a shiga lafiya. Ɗanki ya fi maginin gaskiya, amma shi ma ya ɗan zarce. Ai kin san abin da kanki. Ki tuna ruwan rijiya da asubar hunturu, ki ja guga ki sa hannu ki ji shi da ɗumi har yana ɗan hayaƙi, wannan rijiyar dai a watan azumin zafi ki ji ruwanta da sanyi. Ruwan bai canza ba, iskar waje ce ke hawa da sauka, ƙasa kuwa daga zurfin mita biyu zuwa uku kusan a tsaye take duk shekara. Dabarar tiyon kenan: a binne shi mai faɗin santimita 15 zuwa 20, tsawon mita 30 ko fiye, baki ɗaya a waje cikin inuwa ɗayan a ɗaki, ƙaramar fanka tana janyo iska, kafin iskar ta iso ta bar wa ƙasa wani kaso na zafinta.

Inda ɗanki ya zarce shi ne, ƙasa tana riƙe matsakaicin zafin garin ne na shekara. A Faransa wannan bai wuce digiri 12 ko 13 ba, shi ya sa can iskar ke fitowa kamar daga firiji. A Marwa ko Garwa kuwa wajen 28 ne, wato ranar da waje yake 43 ki sa ran iskar da za ta shigo ta yi 30 ko 31. Wallahi wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, wanda ya taɓa kwana a waje yana yayyafa wa katifa ruwa ya san bambancin, kuma fankar ko ƙaramin fano ya ishe ta. Amma ba kilim ba ce, kar a yaudare ki. In rufin kwano ne ba silin kuma to an yi ba a yi ba, zafin da ke sauka daga sama zai cinye sanyin tas. Kuɗin farko ki sa su a rufi, silin mai kauri, katanga mai kauri, da bishiyar ganye ta yamma, kakanninmu da suka yi soron ƙasa ba wauta suka yi ba. Sai kuma ki tsaya a kan maginin: tiyon ya ɗan karkata zuwa wani rami don raɓar da ke taruwa da damina ta samu mafita, in ba haka ba ɗaki zai riƙa warin ruma, a sa raga a bakin saboda ɓera da sauro da maciji, a nisanta shi da shadda. In filinki irin baƙar lakar nan ce da ake shuka masakwa, mai tsagewa da rani ta kumbura da damina, a shimfiɗa yashi a kwantar da tiyon a kai don tana iya fasa mahaɗarsa. Akwai wani nau'in mai inji da ke zagaya ruwa a ƙasa yana aiki kamar kilim, ana yinsa sosai a Amurka da Turai don ɗumama gida da sanyaya shi, amma tsadarsa da rashin mai gyara sun sa ba zan ba ki shawararsa ba. Gwada ɗaki ɗaya tukuna, tunda ana haƙa tushen gini ne ramin ba zai yi miki tsada ba.

Ta ƙarshe gajera ce, daga wani ɗalibi a Kusuri: "Yaya, in aka huda ƙasa haka ba za a tono irin abin Nyos ba?"

Ƙanena abin da ya faru a tafkin Nyos na Kamaru a 1986 ba haƙa ce ta jawo shi ba, iskar kabon ce da ta taru a ƙasan tafkin ta tashi lokaci guda cikin dare ta kashe mutum sama da 1700, shi ya sa daga baya aka kafa tiyo a tafkin yana fitar da ita kaɗan-kaɗan. Amma tsoronka na da tushe ta wani gefen. Inda ake tura ruwa da ƙarfi don a fasa dutse mai zafi, ƙasa takan motsa, a Bazel ta Suwizalan an dakatar da aiki bayan girgizar 2006, a Fohang ta Koriya ta Kudu ma girgizar 2017 da ta rusa gidaje binciken gwamnati ya ɗora ta a kan irin wannan aikin. A Olkariya kuwa abin da zai fara tarbarka warin ruɓaɓɓen ƙwai ne, na farar wuta, ga raƙuman dawa suna kiwo a gindin tiyon. Tiyon Hajiya na mita biyu dai ko kaza ba zai firgita ba.

Mai tambaya kan batir da ke kumbura, ka yi haƙuri sai fitowa ta gaba, ka turo min hoton rubutun jikinsa.