Me ya sa masu ƙananan otal-otal a Amurka suke yawan amsa sunan Patel?

Malam, ka tambayi dalilin yawan Patel a harkar otal a Amurka. 'Yan jihar Gujarat ne da ke yammacin Indiya, asalinsu manoma masu filaye. Wasu sun fara harkar a Kalifoniya tun shekarun 1940, sannan suka yawaita bayan dokar shige da fice ta 1965, da kuma korar da Idi Amin ya yi wa 'yan Asiya daga Uganda a 1972.

Dabararsu ba boyayya ba ce. Dangi su haɗa wa mutum jari bisa amana, ya sayi tsohon otal mai arha, ya tare a ciki da iyalinsa. Mata da yara su yi shara da wankin zannuwa, babu kuɗin haya, babu albashin ma'aikata. Da riba ta taru, sai a ɗauko wani ɗan'uwa daga gida a kafa shi.