Ga Daktar da Scopus ya ba 4, Google Scholar ya ba 9

Assalamu alaikum. Dakta, ƙanwata, tun bayan Isha'i na ga tambayarki, na karanta na ajiye waya, na sake ɗauka. Kin ce za ki miƙa takardun neman ƙarin girma, kin duba h-index ɗinki, wato lambar da ke auna yawan maƙalun mutum da yadda wasu masu bincike ke ambaton su a nasu rubutun, a shafukan nan biyu masu ƙirga ambato, Google Scholar ya nuna miki 9, Scopus kuma 4, kin rasa wanda za ki rubuta. Sannan wani babba a sashenku ya ce miki a gaban jama'a wai aikinki ba shi da nauyi. Wallahi wannan magana ta ƙarshe ce ta hana ni barci, domin an taɓa gaya mini irinta, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Ki kwantar da hankalinki tukuna, babu lambar ƙarya a cikin biyun nan. Kowanne abin da idonsa ya gani yake ƙirgawa. Google Scholar duk abin da ya tarar a intanet kwashewa yake: kundin digirin ɗalibi, takardar taro, maƙalar da ke AJOL (rumbun mujallun Afirka a intanet), wani lokaci ma ya ƙirga abu ɗaya sau biyu. Scopus kuwa, na kamfanin Elsevier, ba ya lissafa ambato sai wanda ya fito daga mujallu da littattafai da takardun taron da ke cikin rajistarsa, kuma da yawa daga mujallunmu na gida ba sa ciki. Masu karanta aikinki a Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna ambatonki, amma a inda Scopus ba ya leƙawa. Ki rubuta duka biyun, kowace lamba da sunan inda kika samo ta da ranar da kika duba. Kafin nan ki nemi kundin ƙa'idojin ƙarin girma na jami'arku, wanda ake aiki da shi a bana, ki karanta da idonki. Kar ki dogara da “an ce”.

Ni shekara uku na yi ina tattara bayanan mata masu ciki da masu jego da aka kawo mana da jijjiga. Wanda bai taɓa shiga ɗakin ajiye katunan asibiti ba, ba zai gane ba. Ƙura ta shaƙe ki, ɓera ya cinye gefen katin daidai inda aka rubuta awon jini, babu wuta, fitilar waya a hannun hagu, biro a dama. A lokacin ina goyon ɗana na biyu. In na sauka daga aikin dare sai in zarce can, in zauna a kan kwali ina kwafa har azahar. Da na gama rubutu, shugaban sashenmu na wancan lokaci ya ce in kawo ya duba mini. Na kai masa hannu biyu, har da godiya. Wata ya wuce, wani ya wuce, in na tambaya sai ya ce yana kai. Rannan ina cikin zagayen marasa lafiya sai na ji wani ƙaramin likita yana yi masa barka, wai maƙalarsa ta fito. Na je na buɗe. Aikina ne, jadawalina ne, har wata jimla da na sha wahalar gyarawa tana nan yadda na bar ta. Sunansa ne na farko, sai wasu mutum biyu da ban taɓa ganin ƙafarsu a ɗakin haihuwa ba, nawa na huɗu. Ko sunan mahaifina ba a rubuta daidai ba.

Na same shi a ofis. Bai ce in zauna ba. Yana sa hannu a wasu takardu, ko kansa bai ɗago ba ya ce, “Ke yarinya ce, lokacinki na zuwa.” Iyakar abin da ya ce ke nan. Na tsaya kamar an dasa ni, ina kallon fankar sama tana juyawa, na kasa cewa uffan. Da na fito na gaya wa wata babbar yayarmu a wurin aiki, ta ce in yi haƙuri, haka ake yi, ita ma an yi mata. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin da ya fi ƙona mini rai sai bayan shekara biyar ya zo. Na miƙa takarduna, kuma a wurinmu sunan farko ya fi samun maki nesa ba kusa ba. Mutumin nan yana cikin masu zaman tantancewa. Shi da bakinsa ya ce ba ni da wani aiki mai nauyi da na jagoranta. Shi! Aka dawo mini da fayil, aka ce in dakaci wata shekarar. Na shiga mota na rufe gilashi, rana na dukana, na kifa kai a sitiyari ina kuka har mai gadi ya zo ya ƙwanƙwasa yana tambayar ko lafiya. Ranar na manta ban ɗauko yara daga makaranta ba, sai da malamarsu ta kira. Shugaban sashen nan ya yi ritaya yanzu, muna haɗuwa a wurin biki ko ta'aziyya, ina durƙusawa in gaishe shi. Na ce na yafe, kuma ina roƙon Allah ya sa har zuci ne, amma ban manta ba.

Saboda haka, don Allah, duk aikin da za ki fara daga yau, a yi maganar jerin sunaye kafin a ɗauki kati ko ɗaya, kuma a rubuce, ko da saƙon waya ne. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya gindaya sharuɗɗa huɗu kafin a sa sunan mutum: ya taka rawa ta gaske wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya yi rubutun ko ya yi masa gyara mai ma'ana, ya amince da abin da za a buga, kuma ya yarda zai amsa tambaya a kan aikin. Zama shugaban sashe ba ya cikin huɗun nan. Da a ce na san wannan a lokacin, ko ban iya faɗa ba, da na san ba ni ce mai laifi ba.

Yanzu ki je ki duba sunanki a Scopus da kyau, ina kyautata zaton 4 ɗin nan ma ba cikakke ba ne. Ni da na bincika sai na tarar an raba ni uku: wata mai Muhammad, wata mai Mohammed, wata kuma da sunan mijina, saboda maƙala biyu da na buga farkon aurena. Kowace da 'yan ambatonta. Scopus na da wurin da ake neman a haɗe sunaye, kyauta ne. Da aka haɗe ni, lambata ta tashi daga 3 zuwa 6 ba tare da na ƙara rubuta ko layi ɗaya ba. Mu da sunayenmu ke maimaita juna, Abubakar, Usman, Ibrahim, Aliyu, wannan matsala ta fi cin mu. Ki buɗe ORCID yau ɗin nan, lambar shaidar mai bincike ce mai alƙaluma 16, taki ke kaɗai, ba a biyan ko kwabo. Ki zaɓi rubutun suna ɗaya ki tsaya a kansa har abada. A Google Scholar kuma ki cire duk maƙalar da ba taki ba da ya liƙa miki, kar mai tantancewa ya riga ki ganowa.

Shi kansa h-index ɗin nan da ake tsorata mu da shi, wani masanin fiziya ne a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da shi a 2005. Ma'anar 4 ita ce kina da maƙala huɗu da aka ambaci kowace aƙalla sau huɗu. In kina da guda ɗaya da aka ambata sau ɗari uku, ɗaya dai za ta ƙara miki. Kuma wanda ya riga ki barci dole ya riga ki tashi: mai shekara talatin yana bugawa zai fi mai shekara takwas ko da ya daina aiki. Wani kuma sunansa na cikin manyan maƙalun haɗin gwiwa masu ɗaruruwan marubuta, lambarsa ta haye sama. Ban ce aikin banza ba ne, amma kar ki auna kanki da shi. Impact Factor kuwa na mujalla ne, ba naki ba, lissafin yadda aka ambaci abin da ta buga cikin shekara biyun da suka gabata ne. Tun 2012 masana suka tsara sanarwar DORA a San Francisco suna cewa a daina auna mutum da shi. In maƙalunki na cikin PubMed, rumbun maƙalun likitanci a intanet, ki gwada iCite na hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, kyauta ne, yana kwatanta maƙala da tsararrakinta a fanni ɗaya.

Ina jin tsoron abu ɗaya game da ke, domin ni na kusa faɗawa. Bayan an dawo mini da fayil, saƙonnin mujallun bogi suka fara yi mini daɗin karatu: turo yau, a buga cikin mako guda, ki biya dala kaza. Har na cika fom, Allah ya sa wata ƙawata ta hana ni. Ko mujalla ta ce tana cikin Scopus, ki duba jerin nasu da kanki, don suna korar mujallu. Haka masu cewa “ambace ni in ambace ki”, ki ba su haƙuri. Sunanki ya fi ƙarfin wannan.

Maƙalar jijjigar nan, har yau ambatonta bai taka kara ya karya ba. Tun gwajin Magpie na 2002, da aka yi da mata sama da dubu goma a ƙasashe 33, duniya ta san amfanin allurar magnesium sulphate wajen hana jijjiga, mu abin da muka nuna shi ne inda ake samun jinkiri kafin allurar ta kai jikin mace a asibitocinmu. Shekarun baya na je duba wani babban asibitin ƙaramar hukuma, sai na ga jadawalin da ke shafi na uku an yi hotonsa an manne a bangon ɗakin haihuwa da filasta, ya yi jawur don tsufa. Ungozomar da ke wurin ba ta san ni ba, ta ce da shi suke aiki. Na ɗauki hoton bangon da wayata. Irin wannan ki riƙa tarawa a fayil guda: wasiƙar da ta nuna an sauya tsarin aiki saboda bincikenki, ƙa'idar jiha da ta ambace ki, ɗaliban da kika duba. Masu ba da tallafin bincike da dama yanzu suna tambayar wannan.

Shi kuma wanda ya gaya miki maganar, kar ki tunkare shi yanzu, bari fayil ɗinki ya wuce teburinsa. Ki ajiye kwafin duk abin da kika miƙa, a buga miki hatimin karɓa da kwanan wata. Ki ci abinci, ki yi barci, na san ba kya yi. Ki turo mini ta gefe duk yadda aka taɓa rubuta sunanki a maƙala, har da na kuskure. Gobe ina tiyata da safe, in Allah ya kai mu bayan La'asar sai mu duba Scopus ɗin tare.