Tambayoyinku: wane kambas ya dace da gudu a burji, yashi ko kwalta?

Salamu alaikum jama'a, tambayoyin wannan satin kusan duk sun faɗa kan takalmin gudu, to bari mu ɗauke su.

Wani matashi daga Ƙofar Ƙaura a Katsina: Likita, a da a filin wasa na Muhammadu Dikko nake gudu, yanzu na koma hanyar gona mai burji da tsakuwa, sai tafin ƙafata ke ta ciwo, ko kambas ɗin ne?

Ɗan'uwa da alama shi ne. Kambas ɗin kwalta ƙasansa kusan sumul yake kuma da laushi, don wuri shimfiɗaɗɗe aka yi shi, kana taka tsinin dutse za ka ji shi har cikin ƙafa. Na hanyar daji yana da haƙora a ƙasa kamar milimita 3 zuwa 5, gabansa a ƙarfafe saboda tuntuɓe, wasu ma ana saka musu wani siririn faranti a ciki don dutse ko ƙaya kar su huda, kuma ka san yadda tsidau yake a gonakinmu. In hanyarka yashi ne ba sai dogayen haƙora ba, abin da za ka duba shi ne saman takalmin ya zama saƙarsa a matse, don mai manyan huji yashi zai cika shi, ƙarangiya kuma ta maƙale. Dogayen haƙora na taɓon damina ne, ka hau kwalta da su nan da nan za su cinye.

Wani daga Daura: ina shirin gudun kilomita 21, farcen babban yatsana ya yi baƙi.

Malam takalminka ya matse ka ne, yatsan na dukan gaba duk taku, jini ya kwanta ƙarƙashin farcen. Ƙafa tana kumbura a doguwar tafiya musamman da zafin nan namu, don haka wanda ya yi maka daidai a kilomita 5 ba lallai ya kai ka 21 ba. Ka je saye da yamma, da safar da kake gudu da ita, ka tsaya tsaye, a samu sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunka da bakin takalmin, diddige kuma kar ya riƙa fita. Nisa yana son soso mai ɗan kauri, amma fa in ya cika tudu a hanya mai gargada targaɗe ya fi saurin samunka. Ka yanke farce, kuma dan Allah kar ka fara sa sabon takalmi ranar gasa. Baƙin zai tafi da kansa in sabon farce ya fito, sai dai in yana zogi ko ruwa ko kuma ya daɗe bai matsa gaba ba, to a duba shi.

Wani ɗalibi: likita, kambas na gwanjo fa? Shi ne daidai aljihuna.

Ban hana ba, na san halin da ake ciki. Sai dai soson ciki yakan mutu bayan kamar kilomita 500 zuwa 800 ko da saman na ƙyalli. Ɗora shi kan tebur, in ya karkace gefe ɗaya ko diddigen ya cinye, bar musu kayansu. In ka saya ka wanke ya bushe sarai kafin ka sa.

Wata Hajiya: ina da ciwon suga, an ce in riƙa tattaki, da silifa nake yi a bayan gari.

Hajiya wannan ce tambayar da ta fi damuna wallahi. Suga yana kashe jijiyoyin ƙafa a hankali, ƙaya ta soke ki ba ki ji ba, sai ciwo ya ruɓe, irin haka ne ke kai mutane ga yanke ƙafa. Tattakin ki ci gaba da shi amma silifa a'a, ki samu kambas rufaffe mai faɗin gaba da safa mai laushi, kullum ki zazzage shi ki sa hannu ki laluba kafin ki saka. Duk dare ki duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, in ba kya gani sosai ɗaya daga cikin yara ya duba miki. Lokacin hunturu ki shafa mai saboda faso amma banda tsakanin yatsu. Kika ga bororo ko yanka ko wuri ya canza launi, ki je asibiti a ranar, kar ki tsaya gasa shi da ruwan zafi a gida.