Amsa Kan Tulunan Gilashin Nan Marasa Suna

Ɗiyata, bayan gaisuwa, na ga saƙonki da hoton tulunan furen nan biyu na gilashi, farare masu zanen tsuntsu a kan reshe. Kin tambaya ko al'adar masu yin su ce ba sa sa suna a gindi, da dalilin da ya sa tsuntsu ɗaya ke duban dama, ɗayan na duban hagu.

Ta biyun ba ta da wuya. Turawan ƙarni na 19 bibbiyu suke sayen irinsu, su jera a kan kantar da ke bisa murhun ɗumama ɗaki, agogo a tsakiya. Shi ya sa mai zane yake sa tsuntsayen su fuskanci juna. Don Allah kada ki raba su.

Rashin suna kuwa, e, al'adar sana'ar ce. A Bohemiya, wadda yau take cikin ƙasar Czech, inda aka yi da yawa daga cikin irin waɗannan tuluna, mai hura gilashi daban, mai zane daban. Masana'anta ta hura tulu, a kai wa masu zane har gidajensu a garuruwa irin su Nový Bor, a biya su gwargwadon abin da suka gama. Wanda yawan aiki ke ciyar da shi, ina ya ga ta tsayawa sa hannu? In ma an sa alama, sau da yawa takarda ce aka manna, wanki ɗaya ta yi nata wuri. 'Yar lambar da ake gani da fenti a gindi yawanci ta samfuri ce ko ta mai zanen, ba shekara ba.

Dillalai za su ce miki sunansu "Bristol", wani gari a Ingila. Ki saurara da kunne ɗaya, domin da yawa daga cikin masu wannan suna a Bohemiya aka yi su. Na Faransa, irin na masana'antun Baccarat da Saint-Louis, sun fi nauyi da laushin jiki, wani lokaci har da tagulla a baki.

Ni dai gindi nake fara dubawa. Ki kifa tulun a kan matashi. In akwai tabo a tsakiya kamar cibiya, ko an goge shi ya yi sumul, nan ne aka ɓalle sandar ƙarfen da aka riƙe shi da ita yana da zafi, wato aikin hannu ne. Ki duba zagayen da yake zama a kai: tsoho zai ci ƙasa, ya yi dishi-dishi. Sannan ki shafa zanen da yatsa. Wanda aka gasa a wuta yana da ɗan tudu, ba ya ɓarewa. Ruwan zinariya ne ke koɗewa inda hannu ke yawan kamawa.

In kin ci sa'a kin ga rubutu, ya taimaka. Daga 1891 Amurka ta wajabta sa sunan ƙasa a kan kayan da ake shigo mata da su, don haka tulu mai sunan ƙasa mai yiwuwa bai girmi wannan shekara ba. In kuma ya ce Czechoslovakia, bai girmi 1918 ba, don a shekarar aka kafa ƙasar.

Ki turo mini hoton gindin kowannensu da rana, a bakin taga. Kafin nan kada ki sa musu ruwan zafi ko soson ƙarfe.