Yaya zan auna ƙwazon jami'an tashar kashe gobara, in gane horon da suke buƙata?

Tambaya: Ba a daɗe da ba ni riƙon wata ƙaramar tashar kashe gobara ba, sai hedikwata ta aiko in cike fom ɗin auna ƙwazon jami'aina, in kuma ba da sunayen waɗanda za a tura horo. Jami'in da kowa yake yabo dattijo ne da ya daɗe a aiki, wanda yake kutsawa cikin hayaƙi babu na'urar numfashi, yana cewa ƙirjinsa ya saba, matasanmu kuma sun fara koyi da shi. Ina tsoron in rage masa maki a ce na ci mutuncin na gaba da ni, ina kuma tsoron wata rana in ɗauko gawar ɗaya daga cikinsu. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, tsoronka na biyu shi ne abin dubawa, domin maganar nan ta cewa ƙirji yana sabawa da hayaƙi ita ce ƙaryar da na fi cin karo da ita a tashoshi, kuma na gaji da jin ta daga bakin manyan jami'an da ya kamata su tsawatar. Babu huhun da yake sabawa da guba. Iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙi tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin take kama shi sau ɗari biyu da ɗoriya, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tun kafin ta kayar da mutum take dagula masa tunani, har ya kasa gane ƙofar da ya shigo ta cikinta alhali yana jin garau yake. Katifun soso da kayan roba da suka cika ɗakunan yanzu suna ƙara fitar da gubar sayanaid idan suna ci, shi ya sa yawancin waɗanda gobarar gida take kashewa hayaƙi ne yake gamawa da su kafin wuta ta taɓa su.

Abin da dattijon nan ya saba da shi tari ne da raɗaɗin ido, wato ya daina jin gargaɗin da jikinsa yake yi masa. Sabo turken wawa. Tsirar da ya yi shekara da shekaru ba hujja ba ce, tunda waɗanda ba su tsira ba ba sa nan balle su ba da nasu labarin. Akwai kuma illar da ba ta bayyana a ranar: a shekarar 2022 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya aikin kashe gobara cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji. Saboda haka cire takunkumin na'urar numfashi da zarar harshen wuta ya mutu, lokacin da ake tona baraguzai suna turnuƙewa, shi ma ganganci ne. Sannan jami'in da ya faɗi a ciki ya mayar da aikin ceton mutum ɗaya ya koma na mutum biyu, ya kuma janye abokan aikinsa daga kan wutar. Duk fom ɗin da ya kira wannan jarumtaka yana koya wa matasa hanyar mutuwa ne.

Shi kansa fom ɗin, idan irin wanda aka saba ne mai tambayar zuwa aiki da wuri da tsabtar kaki, wanda ake cika wa kowa "ya yi ƙoƙari sosai" don kada ƙarin girma ya tsaya, cike shi saboda dole, amma ka haɗa masa takardarka ta daban wadda agogo ya rubuta. Ka kira atisaye ba tare da sanarwa ba, ka auna lokacin da kowa yake ɗauka kafin ya ɗaura na'urar numfashi daidai, wanda makarantun horo da yawa suke sa masa iyakar minti ɗaya. Ka rufe masa gilashin takunkumi, ka ga ko zai iya bin mesa da hannu har ya fito. Ka tambaye shi iskar da ta rage a silindarsa, domin wadda aka rubuta wa minti 30 ba ta kai haka ga mai aiki tuƙuru. Direba kuma ya faɗa maka ba tare da inda-inda ba cewa tankin lita 2,000 zai ƙare cikin minti biyar idan mesa tana zubar da lita 400 a minti, ya kuma nuna inda zai samo ƙarin ruwa. Ƙa'ida mai lamba 1710 ta NFPA, wato ƙungiyar tsara ƙa'idojin kariya daga gobara ta Amurka, ta ba da daƙiƙa 80 daga ƙarar ƙararrawa zuwa tashin mota, da minti huɗu na tafiya ga motar farko. Minti huɗun ya danganta da hanya da nisa, amma daƙiƙa 80 ɗin a hannun tasharka take.

Daga sakamakon nan ne za ka fitar da sunayen masu zuwa horo, kowa da abin da ya kasa. Kada ka yarda da taron kwana biyu a ɗaki mai sanyi inda ake raba takardar shaida babu wanda ya taɓa tsani, kuma ka binciki mai koyarwar, domin masu sayar da satifiket sun yi yawa.

Dattijon kuwa, ka keɓe da shi cikin girmamawa, ka yaba masa sanin yanayin wuta da ya tara, ka rubuta masa makin da ya dace a ɓangaren kiyaye ƙa'ida, sannan ka ɗora masa jagorancin atisayen na'urar numfashi, tunda shi matasan suke kallo. Kafin haka ka ƙirga na'urorin da ke aiki a tashar. Idan jami'ai shida suna raba biyu, ko injin cika silinda ya lalace, ka rubuta wa hedikwata cewa kayan aiki ne babu, da kwanan wata da sa hannunka, ka ajiye kwafi.