Amsa ga mai tambaya kan aikin fulo saitometiri da tsince ƙwayoyin halitta

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce ka karanta kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, ka gama bautar ƙasa, kana aiki a wani lab mai na'urar ƙirga CD4 (ƙwayoyin garkuwar jiki da HIV ke kashewa), sai ga tallar aiki daga wata cibiyar bincike ana neman mai kula da fulo saitomita (na'urar auna ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya da hasken leza) da na'urar tsince ƙwayoyi. Kana tambaya ko wannan sana'a ce da mutum zai tsufa a cikinta, ko kuwa danna maɓalli ne kawai, gara ka wuce neman digiri na biyu. Ni ma ta ƙofar CD4 na shigo, kuma yau wannan aikin nake ci da shi.

Ka nema, in ka samu ka karɓa. Sai dai kada ka ɗauka abin da ka iya a kan na'urar CD4 shi ne aikin. Na'urorin FACSCount da CyFlow Counter da suka bazu a asibitocinmu bayan shigowar tallafin PEPFAR na Amurka kan yaƙi da HIV an ƙera su ne don tambaya guda, kamfani ya riga ya yi maka tunanin: ga sinadari, ga jini, adadi ya fito a takarda. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 a ɗora duk mai HIV a kan magani ba sai CD4 ɗinsa ya faɗi ba, aka koma bibiyar marasa lafiya da awon yawan ƙwayar cutar a jini, wannan aikin ya ragu, ko da yake har yanzu da shi ake gane wanda cutar ta ci ƙarfinsa, mai ƙasa da 200. Na'urar bincike kuwa babu wanda ya yi maka tunani, kuma ba ta taɓa cewa ban sani ba. Ko tarkace ka ba ta, za ta zana maka ɗige-ɗige masu kyan gani a allo. Abin da ake biyanka dominsa shi ne ka gane lokacin da ɗige-ɗigen nan ke yin ƙarya.

Ga 'yan zaure da ba fanninsu ba ne: ana ɗaukar ƙwayoyin halitta, na jini ko na ɓargo ko na wata tsoka da aka wargaza, a haɗa su da antibodi masu ɗauke da rini mai ƙyalli, kowane antibodi na kama alama guda a jikin ƙwayar. Ruwan gishiri ne ke matse su su bi layi ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza, dubbai a cikin daƙiƙa guda. Yadda hasken ya watsu ta gaba yana ba da kimar girman ƙwayar, yadda ya watsu ta gefe yana nuna yawan tarkacen da ke cikinta, launin da ta haska kuma shi ke faɗin alamun da take ɗauke da su. Na'ura mai aunawa nan take tsayawa, ƙwayoyin su tafi shara. Mai tsincewa ita ke wuce nan: tana girgiza zaren ruwan ya tsinke ɗigo-ɗigo, ta sa wa ɗigon da ke ɗauke da ƙwayar da kake so cajin lantarki, faifan ƙarfe biyu masu ƙarfin wuta su karkatar da shi ya faɗa wani bututu daban, ƙwayar na nan da ranta.

Mack Fulwyler ne ya fara wannan a Los Alamos ta Amurka a 1965, dabarar kuma ya aro ta ne daga fasahar fesa tawada ta Richard Sweet. Leonard Herzenberg da mutanensa a Jami'ar Stanford suka haɗa ta da rini mai ƙyalli, kamfanin Becton Dickinson (BD) ya fara sayar da ita a shekarun 1970. Daga launi ɗaya ko biyu an kai inda aka wallafa gwaji mai launi 40 a kan na'urar Aurora ta kamfanin Cytek a 2020, amma tushen bai sauya ba. Wanda ya fahimci ruwa da haske da rini, duk sabuwar na'urar da aka kawo zai saba da ita cikin 'yan makonni. Wanda ya haddace maɓallan kamfani ɗaya kawai, ranar da aka sauya na'ura ya koma ɗan koyo.

Safiyar ranar tsincewa ga yadda take. Kafin kowa ya zo ka kunna na'ura, leza ta ɗumama, ka cika tankin ruwa, ka zubar da na shara ka sa bilic. Ka zaɓi bakin tsartuwa: mai faɗin maikiron 70 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) yana da sauri, ɗigo wajen 90,000 a daƙiƙa, amma matsinsa na wahalar da manyan ƙwayoyi da masu rauni. Mai maikiron 100 yana ba da wajen 30,000, ya fi tausaya musu. Sai ka tsura wa hoton zaren ruwan ido, ka ga inda ɗigo ke rabuwa da shi ya tsaya cak, ba ya rawa. Ka saka ƙananan ƙwallayen gwaji ka daidaita tazarar lokaci tsakanin wucewar ƙwaya ta gaban leza da isarta bakin ɗigo. In wannan ya kauce ko da ɗigo ɗaya ne, maƙwabcin ɗigon za a caja, mai bincike ya tafi da bututu cike da abin da ba shi ya zo nema ba. Ana cikin tsincewa kuma ba ka barin wurin. Dunƙulen ƙwayoyi guda ya isa ya toshe bakin, ruwa ya fantsama gefe, ya gurɓata abin da aka tara tun safe. Shi ya sa ba na karɓar samfurin da ba a tace da rariyar maikiron 40 ko makamanciyarta ba, ko na wane ne.

Wannan fantsamar ba ɓarnar aiki kaɗai ba ce. Na'urar tsincewa tana tayar da ƙurar ruwa da ido ba ya gani, samfurin kuma ɗanye ne, ba a kashe abin da ke cikinsa ba. In na mai HIV ne, ko ciwon hanta, ko tarin fuka, kai ne ke zaune gabansa. Cibiyar da ba ta saka na'urarta cikin akwatin kariya mai tace iska ba, ko ba ta da rubutacciyar ƙa'idar abin da za a yi in bakin ya toshe, ka yi tunani sau biyu.

Rabin aikin ma lissafi ne da mutane. Mai bincike zai zo ya ce yana son ƙwayoyi miliyan ɗaya na wani nau'i da bai wuce ɗaya cikin dubu ba a samfurinsa. Ka ɗauki biro: in na'ura na duba 10,000 a daƙiƙa, goma ke nan kake samu, 36,000 a awa, tun kafin a cire asara. Miliyan ɗaya ya kusa awa 28, ƙwayoyin kuma ba za su jira ka ba. Sai ka zaunar da shi ku fara rage tarkacen da maganaɗisu kafin a hau na'ura, ko ya rage buri. Ba kowa ke son jin wannan daga bakin "mai na'ura" ba, musamman in farfesa ne.

Wata ɗaliba ta taɓa shigo mini da murna, ta gano wani rukunin ƙwayoyi da ke haska kusan kowane launi a lokaci guda, har ta sanar da malaminta. Na tambaye ta ko ta sa rinin da ke bambanta matattu da masu rai, ta ce an ce mata ba dole ba ne. Muka sake rina ragowar samfurin, muka ware matattu, rukunin ya ɓace ɓat. Matacciyar ƙwaya kowane antibodi take shanyewa. Haka ƙwayoyi biyu da suka manne suke wucewa kamar ɗaya mai alamu biyu. Haka koren rinin FITC yake malala cikin gurbin wani rinin, PE, in ba ka kawo bututu mai launi ɗaya-ɗaya ka cire malalar ba, sai ka ga alamar da babu ita. Haka kuma layin da kake shatawa tsakanin mai alama da marar alama: in ba da bututu mai dukkan launuka ban da ɗaya ka kafa shi ba, son zuciyarka ne ya kafa shi, kuma hannu yana son matsawa inda sakamako zai yi daɗi. Yadda za ka faɗa wa mutum cewa abin da ya gano gawa ce, ba tare da ya daina zuwa neman shawararka ba, wannan ma sai an koya.

A cibiyar da kowa ke amfani da na'ura ɗaya, matsayinka kamar na mai injin markaɗe ne. Kowa da ƙwaryarsa, kowa na sauri, wanda bai tsince tsakuwa ba shi zai lalata maka injin, kuma in ƙullu bai yi laushi ba kai za a zarga. Samfurin asibiti ba ya zuwa a kan lokaci, wanda aka ce ƙarfe goma sai bayan la'asar, kuma ba ya kwana. Sunanka sau da yawa a layin godiya zai tsaya, ba cikin marubutan muƙala ba. Ra'ayina, in kai ka tsara haɗin launuka ko ka yi nazarin bayanan, ka cancanci shiga cikin marubuta, amma a yi wannan maganar kafin a fara aiki, ba bayan an gama ba. In ranka yana son ka kori tambayarka ta kanka, ka yi shekara biyu ko uku ka ƙware, sannan ka tafi digirin. Malaman nazarin garkuwar jiki suna son ɗalibin da ya riga ya iya wannan. In kuwa kana jin daɗin warware matsalar wasu, yau cizon sauro, gobe sankarar jini, jibi allurar rigakafi, to ka samu gida.

Daga nan hanyoyi suna rabuwa. Akwai shugabancin irin wannan cibiya, wanda a wurare da dama ba sai da digirin digirgir ba, amma za ka koma rabi akawu: kasafin kuɗi, farashin awa, rigimar layi. Akwai ɓangaren asibiti, inda ake tantance nau'in sankarar jini, ana bibiyar ragowarta bayan magani, ana ƙirga ƙwayoyi masu CD34, wato ƙwayoyin asali da ke haifar da jini, a harkar dashen ɓargo. Wannan ya shafe mu saboda sikila: a 2011 aka yi dashen farko a Najeriya, a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin. Akwai kuma kamfanoni irin su BD, Beckman Coulter, Sysmex, Cytek da Sony, masu ɗaukar masu horar da kwastomomi da injiniyoyin gyara. Wannan yawonsa da yawa.

Gaskiyar gida kuma sai an faɗe ta. Na'urorin tsincewa kaɗan ne a yankinmu, guraben aikin ma haka, yawancinsu kuma rataye suke da tallafin bincike mai wa'adi. Shi ya sa idonka ya kamata ya wuce garinku: cibiyar NIMR da ke Yaba, cibiyar IHVN a Abuja, WACCBIP da cibiyar Noguchi a Jami'ar Gana, cibiyar MRC a Gambiya, KEMRI-Wellcome a Kilifi ta Kenya, da jami'o'in Afirka ta Kudu, duk wurare ne da ake binciken garkuwar jiki da cututtuka. Na ga na'ura mai tsadar gaske lulluɓe da zane a wata cibiya, an sayo ta ba a sayi yarjejeniyar gyara ba, leza ɗaya ta mutu, shi ke nan. Na ga antibodi da suka yi kwanaki a tashar jirgi cikin zafi, alhali firji suke so, tsakanin digiri 2 da 8. Rini haɗaɗɗe irin PE-Cy7 shi ya fi saurin lalacewa, zafi ko haske ya taɓa shi sai ya fara haska launin da ba nasa ba. Ƙarancin masu aikin kuwa ribarka ce: wanda ya iya da gaske ba ya ɓoyuwa.

Don haka a intabiyu kai ma ka yi tambaya. Wace na'ura ce, leza nawa gare ta, tana aiki yanzu haka? Akwai yarjejeniyar gyara, kuma daga wace ƙasa injiniya ke zuwa? Me ke riƙe wuta tsakanin ɗaukewarta da tashin janareto, kuma ɗakin na da sanyi tsayayye? Zafin ɗaki in yana hawa yana sauka, ɗigon ma haka zai yi. Wa zai koya maka, ko kai kaɗai za a bar wa mabuɗi? Wa'adin kwantiragin ya ƙare tare da tallafin?

Kafin a kira ka, ka koma kan darasin garkuwar jiki har sai alamomin ƙwayoyi CD3, CD4, CD8, CD19, CD45 da CD56 sun zauna maka ba tare da duba littafi ba. Ka nemi fayilolin FCS, wato ɗanyen bayanan da na'urar ke fitarwa, da masu bincike ke sakawa kyauta a intanet ka riƙa shata su da kanka. Manhajar nazarin bayanan FlowJo ta kuɗi ce, manhajar R kyauta ce, kuma da launuka suka yi yawa ita ake komawa. Ƙungiyar ISAC ta masana saitometiri tana da darussa a intanet da taron CYTO duk shekara, takardar ƙwarewa ta SCYM da hukumar ASCP ta Amurka ke bayarwa kuma sai ka tara gogewar aiki kafin ka zauna jarrabawarta, ba ta gaggawa ba ce. Batun digiri na biyu, ka tambaye su ko suna barin ma'aikaci ya yi rajista a jami'a ya yi aikin bincikensa a kan na'urarsu. Wasu cibiyoyin suna yarda, in sun ce eh ka nemi a rubuta maka shi cikin takardar ɗaukar aiki. Allah Ya sa a dace.